Mama, me yasa rubutuna baya taɓa zuciyar kowa?

Wata 'yar'uwa ce ta turo min wannan saƙon, ta ce in amsa a fili ko wasu zasu amfana. Na cire sunanta da na garinsu kamar yadda ta roƙa.

"Salama Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamar firamare ce a kudancin Kaduna kuma ina cikin zumuntar mata a majami'armu. Tun ina yarinya nake son rubutu, yanzu na rubuta labari mai tsawo da Hausa akan wata mata Saratu da ta daɗe a gidan miji ba haihuwa, ina sa shi babi babi a WhatsApp. Mutane suna turo Amin da Allah ya ƙara basira amma na gane basa karantawa har ƙarshe, don in na tambayi abinda ya faru a babi na uku sai a fara kame-kame. Ƙanwata da bata ɓoye min komai tace Yaya gaskiya littafinki kamar wa'azin Lahadi ne, alhali ita ɗin sai ta kwana tana karanta littattafan soyayya a waya tana hawaye. Abin ya min ciwo sosai. Abinda ban faɗa wa kowa ba shine labarin Saratu nawa ne, nima har yau ban samu haihuwa ba, amma ina tsoron in rubuta yadda abin yake a raina kar a ce bangaskiyata tayi rauni ko na tona asirin gidana, gashi maigidana dattijo ne a majami'a. Yaya zanyi rubutuna ya shiga zuciyar mutane ba tare da na saɓa wa Allah ba? Na haɗo miki babi biyu na farko."

'Yata salama, Ubangiji ya ƙarfafa ki, kuma sannu da wannan nauyin da kike ɗauke dashi ke kaɗai. Na karanta babi biyun da kika haɗo, kuma kafin komai bari in ce miki kin iya rubutu, Hausarki a wanke take ba kwana-kwana, wannan ba ƙaramar baiwa bace. Amma ƙanwarki gaskiya ta faɗa miki, ki riƙe ta da hannu biyu don irinta basu da yawa, yawancin mutane Amin zasu turo su wuce don kar ranki ya ɓaci.

Abinda na gani shine baki bar Saratu ta ji ciwo ba. Duk inda abu ya taɓa ta, kafin hawaye ya sauko kin riga kin kawo aya kin rufe wurin. A babin farko uwar miji tayi mata gori, layi ɗaya tak kika ba gorin, sai kika bi shi da kusan rabin shafi na bayani akan haƙuri da Romawa 8:28, ayar gaskiya ce ba wanda ya musa, amma mai karatu bai gama jin zafin maganar ba kin riga kin ce masa ya kwantar da hankalinsa komai zai yi daidai, toh me zai sa ya buɗe babi na gaba? Ya riga ya san ƙarshen, kuma bai san Saratu ba. Ban san kalar zanen da take so ba, ban san me take sayarwa ko aikin me take yi ba, ban san yadda take kiran mijinta in su biyu ne a ɗaki ba, abinda na sani kawai mai haƙuri ce mai addu'a. Mutum baya yiwa haƙuri kuka 'yata, mutum ɗan'uwansa yake yiwa kuka.

Kuma na san dalilin. Ke da kanki kin faɗa, tsoro ne. Kina ganin in kika rubuta cewa Saratu ta kwana tana tambayar Allah me tayi masa, kamar kin ɓata sunan Allah ne a gaban mutane, shi yasa kike saurin kare shi. Allah baya bukatar ki rufa masa asiri. Ki ɗauko Littafi Mai Tsarki ki duba yadda shi da kansa ya bari aka rubuta labarin matan da suka sha irin abinda kike sha. A Farawa 30 Rahila ta dubi Yakubu tace ya bata 'ya'ya ko ta mutu, shi kuma ya fusata ya mayar mata da magana, faɗan miji da mata ne a fili aka rubuta shi ba a gyara ba. Saratu ta asali, matar Ibrahim, wadda kika ɗauko sunanta, da taji alkawarin ɗa a bayan ƙofar alfarwa dariya tayi a ranta, da aka tambaye ta kuma ta musa don tsoro, yana nan a Farawa 18. Sai Hannatu a 1 Sama'ila sura ta 1, wannan kam ki zauna ki karanta ta a hankali kamar baki taɓa ji ba. Kowace shekara in sun haura Shilo wurin sujada kishiyarta Feninna sai ta tsokane ta har tayi kuka ta ƙi cin abinci. Mijinta Elkana yana sonta da gaske, amma ji abinda ya ce mata, wai shi bai fi mata 'ya'ya goma ba? Duk macen da ta taɓa jira ta san irin wannan maganar, ta ƙauna ce amma bata kai inda ciwon yake ba. Ta shiga yin addu'a leɓunanta na motsi ba a jin murya, Eli firist babban malamin wurin ya ɗauka maye take yi har ya tsawata mata. Kinga ko a ɗakin Ubangiji bata tsira daga mummunar fahimta ba, kuma marubucin bai ɓoye wannan don kare mutuncin firist ba. Shi yasa har yau in aka karanta wurin nan a taron zumunta zakiga wata ta sunkuyar da kai.

Zabura guda 150 ne, da yawa daga cikinsu kuka ne zalla. A Zabura 13 sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe a ayoyi biyu na farko kawai. Zabura 88 ita ko ɗan haske babu a ƙarshenta, da duhu ta rufe, kuma an barta a cikin Littafin haka. Ubangijinmu akan gicciye farkon Zabura 22 ya ɗauko yana tambayar don me aka yashe shi. In waɗannan basu zama raunin bangaskiya ba, to hawayen Saratunki ma ba zai zama ba. Wanda ya daina yiwa Allah magana shine abin tsoro, wanda yake kai masa kuka ko da ɗaci ne har yanzu yana riƙe da shi.

Ki tuna yadda muke zaman makoki. In anyi rasuwa kika je gidan, ba daga bakin ƙofa kike fara jawo ayoyi ba, tabarma kike samu ki zauna kusa da mai makokin, wani lokaci sannu kawai zaki ce kiyi shiru, ki miƙa mata ruwa, sai can in ta fara magana da kanta sannan kalmar ta'aziyya take samun wurin shiga. Haka rubutu yake. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna dashi a ƙasa ba wanda yace uffan, lokacin ne suka fi yi masa amfani, da suka buɗe baki suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata komai har Allah ya ce ya husata da su a sura ta 42. Yesu kuma a kabarin Li'azaru ya san sarai zai tashe shi nan da ɗan lokaci kaɗan, amma da yaga Maryamu 'yar'uwar Li'azaru tana kuka sai da shima yayi hawaye tukuna. Ke ma kin san inda labarinki zai je, amma ki tsaya kiyi kukan tare da Saratu kafin ki kai mu can.

Bari in nuna miki da layinki. Kin rubuta: "Saratu ta shiga cikin babban gwaji a wannan rana amma ta dogara ga Ubangiji wanda baya yashe da nasa." Wace rana? Wane gwaji? Da ni ce zan sa ranar sunan ɗan ƙanin mijinta ce, wanda akayi bikinsu bara bara, kuma Saratu ce aka bar wa girki don ai ita bata da yaro a baya da zai dame ta, haka wata ta faɗa ba da mugun nufi ba ma, tana dariya. Tun asuba tana gaban murhu tana juya shinkafa a babbar tukunya, hayaƙi na shiga mata ido kuma tana godiya da hayaƙin don ba wanda zai tambayi me ya sa idonta yayi ja. Da aka kawo mata jaririn ta riƙe, taji ƙamshin hoda a wuyansa, sai wata tsohuwa ta dafa ta tace saura ke, kamar yadda aka ce mata a sunan bara da na bariya. Ta ce Amin Mama. Da dare ta koma ɗaki ta buɗe ƙasan akwati inda ta ajiye 'yar rigar jarirai da ta saya a kasuwa tun shekarar farko ta aurenta, bata ma ciro ta ba, ta taɓa ta kawai ta mayar da murfin, ta durƙusa zata yi addu'a ta rasa abinda zata ce sai "Uba" kawai. Shikenan ki rufe babin a nan. Kar ki ƙara ko aya ɗaya. Ban rubuta kalmar gwaji ba, ban rubuta dogara ba, amma duk wanda ya karanta yaga mace ta durƙusa bayan irin wannan yinin ya san ga wa ta dogara. Kuma kin fi ni sanin waɗannan abubuwan nesa ba kusa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abubuwan da kike ganin ƙanana ne basu isa shiga littafi ba su ne littafin.

Annabi Natan ma haka yayi da Dawuda a 2 Sama'ila 12. Sarki yayi zina ya sa an kashe mijin matar, Natan ya san Doka sarai, da yaso da ya karanto masa ita daga bakin ƙofa. Sai ya bashi labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya, kuma dubi yadda ya tsaya akan tunkiyar, tana ci daga abincinsa, tana sha daga ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yarsa. Sai da Dawuda ya ƙaunaci tunkiyar nan har ya tashi da fushi yana yanke hukunci, sannan Natan ya ce masa kai ne mutumin. Gaskiyar bata ragu ba ko kaɗan don an bi da ita ta labari, sai ma ta shiga inda wa'azi kai tsaye ba zai kai ba. Ke a babinki kina fara cewa kai ne mutumin tun kafin mu ga tunkiyar.

Ba laifinki bane ke kaɗai, a ganina haka muka taso. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Dakta Walter Miller da ya zauna a Zariya yana cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar, kuma daga lokacin zuwa yau abinda muka fi samu a rubuce da Hausa a majami'unmu, ko ECWA ne ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko Baptis, littafin waƙoƙi ne da na koyarwa da na makarantar Lahadi da na shirin baftisma. Duk masu kyau ne, su suka rene mu. Amma labari zalla wanda Kirista ya zauna ya rubuta da Hausa akan rayuwar gida kaɗan ne ƙwarai, don haka duk wanda ya ɗauki biro a cikinmu muryar fasto ce take fara zuwa masa a kunne. A ɗaya gefen kuma tun shekarun 1980 marubutan Kano, mata da yawa a cikinsu, suke ta rubuta labaran kishi da auren dole da uwar miji da saki, yanzu abin ya koma waya. Ba sai kin yarda da duk abinda ke cikin irin waɗannan littattafan ba, nima akwai waɗanda bazan ba 'yata ta karanta ba, amma ki tambayi ƙanwarki wane wuri ne ya sa ta kuka a na ƙarshen da ta karanta, ki saurara da kyau. Zakiga ba wani sirri bane, an bar mutanen cikin labarin sunyi magana irin ta mutane, sunyi kuskure, an bar mai karatu cikin zullumin me zai faru.

Maganar magana kuma, mutanen littafinki duk murya ɗaya garesu. Uwar miji tana magana kamar mai karanta sanarwa, miji kamar yana kan mumbari, hatta yarinyar maƙwabta 'yar shekara bakwai da cikakkiyar jimla mai aya take magana. Ki saurari yadda ake hira a gidanku da bakin rijiya da bayan an tashi sujada ana gaisawa. Kuma ki tuna su waye masu karanta ki, da yawansu Hausa ba ita ce yarensu na gida ba, akwai Bajju da Atyap da Ham a wajenku, in littafin ya yi tafiya zai kai hannun Birom da Ngas da Tarok a Filato, da Tangale a Gombe, da Bura da Margi a Borno da Adamawa, har da 'yan'uwanmu Hausawa Kirista na Kano da Katsina da Maraɗi. Hausar kasuwa da ta majami'a ce ta haɗa mu duka. Kar ki je neman manyan kalmomi don a ce kin iya, in uwar mijin Saratu irin tsofaffin nan ce masu haɗa Hausa da yare in ransu ya ɓaci to ki barta ta haɗa, nan take mai karatu zai ce kai wannan ai kakata ce.

Wani abu kuma, uwar mijin nan kin maida ta shaiɗan gaba ɗaya. Ki bata dalili. Wataƙila ita ma ta binne 'ya'ya, wataƙila wannan ɗan ne kaɗai namiji da ya rage mata kuma tana tsoron sunan gidan ya ɓace, hakan bai wanke gorin da take yi ba amma ya maida ta mutum, kuma wata uwar miji da zata karanta zata iya ganin kanta a ciki ta ji kunya, alhali in dodo kika zana ba wadda zata ce ni ce. Ita ma Saratu ki bari tayi laifi. Ki bari wata rana taji labarin ƙawarta ta samu ciki ta kasa yin murna, ta turo mata barka a waya tana jin ɗaci a maƙogwaro, daga baya ta tsani kanta akan haka. Duk mai jira ta san wannan kuma kusan ba mai faɗa, ranar da wata ta gani a rubuce zata ajiye wayar ta ce ashe ba ni kaɗai bace. Haka nan in akwai maƙwabciya Musulma a labarin, don na ga kin ambaci wata, kar ki sa ta don kawai a nuna ta ɓata. A unguwanninmu sau nawa maƙwabciyar ce take fara shigowa da kunu in baki da lafiya? Ki rubuta ta yadda take, su ma suna karanta mu.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, gidanki. Tsoronki yana da tushe, ban raina shi ba. Akwai bambanci tsakanin faɗin gaskiyar ciwo da tona asirin mutane. Ciwon naki ne, kina da iko dashi. Amma abinda maigidanki ya faɗa miki a ɗaki, ko sakamakon asibiti, ko kalmar da uwarsa ta furta wadda duk dangi zasu gane, waɗannan ba naki bane ke kaɗai. Ki canza gari, ki canza sana'a, ki canza yawan 'yan'uwa da yadda abubuwan suka faru, abinda zaki bari yadda yake shine yadda abin yake ji a rai, wannan ba mai iya kama ki dashi. Kuma dan Allah kafin ki sake sa wani babi a waje ki zauna da maigidanki ki gaya masa gaskiya cewa labarin nan daga cikinki ya fito. Kar ya ji a bakin matan zumunta. Ki bashi ya karanta, in akwai wurin da yace a cire ki saurare shi ko da kina ganin wurin ne yafi daɗi, aurenki ya fi littafin. Wataƙila ma kiyi mamaki, maza da yawa suna ɗauke da nasu ciwon akan wannan maganar basu da wurin sauke shi, balle dattijon majami'a da kowa ke kawo wa matsala shi kuma bashi da wanda zai kai wa tasa. In ya buɗe baki ya gaya miki yadda yake ji in an kira shi ya yi addu'a a wurin miƙa jariri, kin samu abinda ya fi babi, kuma in ya yarda mijin Saratu ma zai samu rai a littafin don yanzu hoto ne kawai.

(Wannan ba ki tambaye ni ba amma zan faɗa a matsayin uwa: in baku je asibiti ku biyu tare ba ku je. Rashin haihuwa ba daga mace kaɗai yake zuwa ba, likitoci suna duba miji da mata ne, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a ba. In kin sa wannan a labarin ma zaki taimaki mata da yawa da ake ɗora wa laifi su kaɗai.)

Sai ki kula da ɗaya gefen, don akwai masu jin an ce a taɓa zuciya sai su koma matse hawayen mutane da ƙarfi, kowane babi mutuwa, kowane shafi haɗarin mota da maraya, wannan shima mai karatu yana ganewa ya gaji. Kuma mu a yankinmu labaran baƙin ciki basu da wuyar samu, daga rikicin Kafanchan a 1987 zuwa na Zangon Kataf a 1992 zuwa na Kaduna a 2000 da na Jos a 2001, ga iyayen 'yan matan Chibok tun 2014, kusan kowace majami'a akwai gwauruwar da ta ga abinda baki baya iya faɗa. In wata rana wata ta zauna ta baki labarinta a zumunta, amana ta baki, kar ki ɗauka ki sa a littafi don ya yi armashi sai da izininta, kuma in ta ce a'a to a'a ne.

Na hango inda kike nufa da ƙarshen littafin, tagwaye ko? Saratu ta haifi 'yan biyu, uwar miji ta durƙusa tana neman gafara, aka yi godiya a majami'a da rawa. Allah yana yin haka, na ga ya yi, kuma ina roƙonsa ya yi miki. Amma ki yi tunanin matar da zata karanta littafinki tana da shekara hamsin da wani abu, ta yi azumi ta yi addu'a ta je duk inda aka ce ta je kuma bai zo ba. In kika rufe da tagwaye me kika gaya mata? Cewa Saratu ta fi ta bangaskiya? Ibraniyawa 11 bayan ta lissafta jaruman bangaskiya ta ce akwai waɗanda suka mutu basu karɓi abinda aka alkawarta ba. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, alheri aka bashi. Abokan Daniyel uku a gaban tanderun wuta sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba bazasu yi sujada ga gunkin ba. Ba ina ce miki dole ki hana Saratu haihuwa bane, littafinki ne. Ina cewa ne kar ki bata ɗa don kawai kina tsoron in baki bata ba za a ce Allah ya gaza. Ke da kike rubutun har yanzu kina cikin jira kuma har yanzu kina zuwa sujada kina waƙa, wannan abin da ke riƙe da ke shi nake so in gani a shafi, don shi ne abinda ke kika sani wanda mai tagwaye bata sani ba.

Ga abinda zaki yi yanzu. Ki dakatar da sa sabon babi tukuna, ki gaya wa masu bi cewa kina gyara. Ki ɗauki babin farko ki ja layi a ƙarƙashin duk inda ke marubuciya kika fito kina bayani ko kina koyarwa, ki cire su ki ajiye a wani littafi daban don zasu yi miki amfani ranar da aka baki jawabi a zumunta, abinda ya rage in ya zama rabin shafi ne kar ki damu, daga nan zaki gina. Ayoyin da zasu zauna su fito daga bakin mutanen labarin a lokacin da mutum zai faɗe su da gaske, ko a waƙar da Saratu take yi ƙasa ƙasa tana wanke-wanke, kuma wani lokaci ki bari a faɗa mata ayar da ta dace a lokacin da bai dace ba taji kamar an mare ta, don hakan na faruwa. Lokacin rubutun ki sa mace ɗaya a ranki, wadda kika sani tana cikin irin halinki, ki rubuta kamar ita kaɗai zata karanta, ki manta da dattawa da fasto da guruf ɗin gaba ɗaya sai kin gama.

In kin gama ki tara mutum biyu ko uku, ƙanwarki a ciki, ki karanta musu da baki, kar ki tura a waya. Kina karantawa kina satar kallonsu, inda suka ɗauki waya ko suka fara gyara ɗankwali ki sa alama, inda suka yi tsit ki sa alama, kar ki tambaye su ko yayi daɗi don zasu ce yayi, ki tambaye su me suke ganin Saratu zata yi gobe. In suka fara gardama a kai har ɗaya tana cewa ita da ta bar gidan, to kin kama hanya. Ki fara da maganar maigidanki a wannan satin, sannan ki sake rubuta babin ranar sunan ki turo min in gani, ina sa ku a addu'a ku biyun.